Yadda za ka yi hulɗa da shafukan gwamnati da kanka, daga gyaran NIN zuwa sayen Sukuk

Abubuwan da a da sai mutum ya yi sammako ya tafi sakatariya, wani lokacin ma ya hau motar Kano ko Kaduna, yanzu yawancinsu a waya ake fara su: fasfo, rajistar sunan kasuwanci, rancen ɗalibai, gyaran suna a katin ɗan ƙasa, har da ajiyar kuɗi a hannun gwamnatin tarayya. Cike fom ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, duk wanda ya iya rubuta saƙo a WhatsApp zai iya. Abin da ke kayar da mutanenmu a Katsina da Daura shi ne tun ranar farko sukan bar wani ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa a madadin nasu. Daga ranar, duk abin da ya taso sai an nemo wannan mutumin. Shi ya sa zan daɗe a kan shiri kafin in kai ga shafukan.

Layinka, imel ɗinka, da yadda aka rubuta sunanka

Ka zaɓi layin waya guda wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ka mai da shi na hukuma. Shi za ka riƙa bayarwa a banki da makaranta da kowane shafi. Kada ka bar shi ya kwanta, domin layin da aka daɗe ba a kira da shi ba, ba a sa masa kati ba, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani, sai lambobin sirrin da ake turo maka su riƙa sauka a wayar baƙo. Mata, wannan ya fi shafar ku. Layin maigida ko na babban ɗa ba naki ba ne, ki mallaki naki da sunanki ko da ƙaramar waya ce.

Da layin da ka yi rajista da shi, danna *346# ka bi zaɓin da ya fito, NIN ɗinka zai bayyana. Danna *565*0# da layin da banki ya sani, BVN zai fito. Kowanne lamba 11 ne, kuma ana cire ɗan kuɗi kaɗan, don haka ka tabbata akwai kati a layin. Ka rubuta su a littafin da kake ajiyewa a gida, ba a bayan kwalin waya ba.

Sai aikin da kowa ke tsallakewa. Ka ɗauko takardar NIN, da bayanin da banki ke da shi a kanka, da takardun makaranta, da takardar haihuwa, ka shimfiɗa su a tabarma ka karanta harafi-harafi. Kwamfuta ba ta san Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ba ne. Ba ta san Aisha ita ce Aishatu ba. A nan jihar muna da wata matsala ta daban: an shiga firamare da sunan uba, a sakandare an ƙara sunan gari, Mashi ko Kankia ko Rimi ko Daura, a banki kuma an sa sunan kaka. Ga wanda aka juya masa, sunan mahaifi ya dawo farko. Ga ranar haihuwa da wani malami ya ƙiyasta ya rubuta 1 ga Janairu. Tunda shafukan gwamnati yanzu daga rumbun NIN suke jawo bayaninka, duk abin da ya saɓa da shi zai tsayar da kai a tsakiyar hanya, sau da yawa bayan ka riga ka biya. Ka yanke shawarar wane rubutu ne naka na dindindin, ka gyara sauran su bi shi. Masu suna irin Sa'adatu da Isma'il kuma su lura, wasu shafukan ba sa karɓar alamar nan ta tsakiya, a rubuta yadda yake a takardar NIN.

Batun imel: yawancin masu babbar waya suna da shi ba su sani ba, mai shagon da ya sayar da wayar ne ya buɗe don manhajoji su sauka. Buɗe Gmail, taɓa hoton da ke kusurwar sama, za ka ga adireshin. Idan ba ka san kalmar sirrinsa ba, kada ka dogara da shi. Ka buɗe sabo da sunanka, ka sa layinka na hukuma a matsayin lambar da za a turo wa saƙo idan ka manta, ka zaɓi kalmar sirrin da ba shekarar haihuwarka ba ce ba kuma lambar wayarka ba.

Duk wanda ya ɗan zauna a shagunan kafe na wajen Ƙofar Kaura lokacin da ake fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu ya ga irin wannan. Dattijo ya zo da 'yarsa da takardu cikin leda, yaron shago ya ce, "Baba, wane imel aka sa lokacin rajista?" Dattijo ya dubi yarinya, yarinya ta dubi ƙasa. "Wallahi ɗana ban san shi ba, yaron da ke zama nan shi ya yi mana komi." "Ai Baba ya koma Abuja tun bayan Sallah." Shi ke nan an shiga neman lambar wanda ya tafi. Kamar ka gina shago ne ka bar makullin a aljihun magini. Ba laifi ba ne ka je kafe, ba kowa ke da firinta ko kwamfuta ba, kuma yaran nan suna taimako ƙwarai. Amma ka zauna kusa da allon, ka faɗi lambarka da imel ɗinka da bakinka, ka danna kalmar sirri da hannunka, idan an gama a fita daga asusun a gabanka, a goge hotunan takardunka daga kwamfutar.

Yadda ake gane shafin gaskiya

Adireshin yawancin hukumomin gwamnati yana ƙarewa da gov.ng, kuma ba kowa ake ba wannan ba, hukumar NITDA ce ke kula da shi. Ka taɓa layin adireshi a saman burauza don ya fito gaba ɗaya, ka tsallake https:// na farko, ka karanta har zuwa inda sandar farko mai karkata (/) take. Abin da ke gab da sandar shi ne ainihin mai gidan. Idan ka ga gov.ng a tsakiya, bayansa kuma an ƙara wani abu mai ƙarewa da com ko xyz, na 'yan damfara ne komai kyan tutar Najeriya da hoton shugaban ƙasa da suka liƙa. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ma ba shaida ba ce, ɓarawo na iya samun ta.

Akwai 'yan kaɗan na gaskiya da ba su bi wannan tsarin ba. Hukumar zaɓe tana inecnigeria.org, shafin rajistar masu hidimar ƙasa yana portal.nysc.org.ng, Remita da ake biyan kuɗi ta kansa kuma remita.net ne. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka rubuta adireshin babban shafin hukumar da hannunka, daga ciki ka bi ƙofar da suka nuna. Idan ta Google ka bi, ka tsallake na saman da aka yi wa alamar talla.

Saƙon nan da ke yawo a guruf-guruf, wai gwamnati na rabon tallafi, cike nan ka tura wa mutum goma, ko karanta shi ɓata lokaci ne. Babu hukumar da ke neman lambobin bayan katin ATM ɗinka ko PIN, kuma lambar sirri ta OTP da ta shigo wayarka ba a karanta wa kowa ita a waya, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka. Sanin waɗannan ba wuya gare su.

Gyaran NIN

Wanda bai taɓa yin NIN ba sai ya je cibiyar rajista da ƙafarsa, saboda ɗaukar hoto da zanen yatsu. Gyara ne ake yi a intanet. Tun 2024 hukumar NIMC, mai ba da NIN, ta buɗe shafin da mutum zai gyara suna ko ranar haihuwa ko adireshi ko lambar waya da kansa, a selfservicemodification.nimc.gov.ng.

Za ka buɗe asusu da NIN da imel, shafin ya nemi ya ga fuskarka ta kyamarar waya don ya tabbatar kai ne. Ka tsaya inda haske ke dukan fuskarka, ba ya fito ta bayanka ba, ka cire tabarau. Sannan ka zaɓi abin da za a gyara, ka ɗora takardun shaida, ka biya. Gyaran suna kan buƙaci takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida. Na ranar haihuwa yana buƙatar takarda daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba, don haka ka duba sau biyu kafin ka tura.

Wannan shafin musamman kada ka buɗe shi a kwamfutar kafe. Hukumar ta yi gargaɗin cewa asusun yana ɗaure da na'ura da burauzar da aka buɗe shi da su. Ka yi a wayarka, kada kuma ka goge tarihin burauzar ko ka sauya waya kafin aikin ya kammala. Bayan gyaran ya fito, ka kai sabuwar takardar banki a daidaita BVN, don ba ya gyaruwa da kansa.

Yadda ake biya

Tun 2015 da gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta tilasta wa hukumomin tarayya amfani da asusun bai-ɗaya, kuɗin gwamnati ya daina bi ta hannun ma'aikaci. Wasu shafukan za su ba ka damar biya nan take da kati ko taransfa. Wasu kuma za su fitar maka da lamba 12 da ake kira RRR. Kafin ka biya, ka karanta takardar da ta zo da lambar: sunanka ne a kai, sunan hukumar daidai ne, abin da za a biya wa da adadin kuɗin sun yi daidai? In haka ne, ka biya ta manhajar bankinka, ko a shafin Remita, ko ka kai lambar banki. Ka ɗauki hoton rasit, ka tura wa kanka a imel, ka kuma buga shi a takarda.

Abin da ya fi faruwa shi ne alat ya shigo an cire kuɗi, shafin kuma ya nuna ba ka biya ba. Kada ka yi saurin sake biya. Ka shiga Remita ka sa lambar RRR ka duba matsayinta. Idan ta nuna an biya, ka koma shafin hukumar ka nemi inda ake sake tabbatar da biya, ko ka ba shi kwana guda. Dawo da kuɗin da aka biya sau biyu cikin asusun gwamnati aiki ne mai cin rai. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin hukuma cikin asusu mai sunan mutum don a yi maka sauri, ka san ba aljihun gwamnati za su shiga ba. Na lura kuma shafukan nan sun fi sakin jiki bayan sallar Asuba ko can cikin dare, lokacin da jama'a ba su yi musu yawa ba.

Fasfo

Masu niyyar Umara da 'yan kasuwa da ɗalibai, adireshin shi ne passport.immigration.gov.ng. Ka tanadi NIN, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma wadda muke kira indijin, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da hoto mai farin bango. Idan sabuntawa ne, a haɗa da tsohon fasfon. Yaro ƙarami sai da takardar amincewar iyaye.

Ka zaɓi sabo ne ko sabuntawa, ka sa NIN da ranar haihuwa, shafin zai jawo bayananka daga NIMC. A nan ne shimfiɗa takardun nan a tabarma zai yi maka rana, domin abin da ya fito shi za a buga a fasfo, ba ka da ikon sauya shi a wannan shafin. Ka cike sauran, ka zaɓi ofishin Katsina a matsayin inda za a ɗauki hotonka, ka ɗora takardu. Hoton takarda ya fito sarai, kusurwoyi huɗu duk a ciki, ba inuwar hannu. Idan shafin ya ce ya yi nauyi, akwai manhajojin da ke rage girman hoto kyauta. Hijabi ba ya hana karɓar hoto muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa.

Daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Farashin ya sauya sau biyu cikin shekara guda, don haka abin da shafin ya nuna maka ranar shi ne abin biya. Bayan biya sai ka zaɓi ranar zuwa, ka buga takardun, ka tafi da na asali duka. Ana iya bin sawun aikin a track.immigration.gov.ng. Shawarata, kada ka jira sai Sha'aban ya kama sannan ka fara neman fasfon Umarar azumi.

Ɗalibai

Rajistar JAMB da layin waya take farawa. Ɗalibi zai rubuta NIN, ya bar tazara, ya sa lambobinsa 11, ya tura zuwa 55019 ko 66019, a dawo masa da lambar da zai sayi fom da ita. Layin da ya tura saƙon da shi ya zama shaidarsa a wurin hukumar, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa har ya samu gurbi. Uban da ke da 'ya'ya biyu masu rubuta jarrabawa kada ya ce layi ɗaya ya ishe su. Rajistar kanta a cibiyoyin da JAMB ta amince da su kawai ake yi. Idan makaranta ta ba da gurbi, sai ɗalibi ya shiga shafin hukumar, sashen CAPS, ya danna amincewa, sannan ya buga takardar. Gurbin da bai bi ta nan ba yakan zama ciwon kai ranar tafiya hidimar ƙasa.

Rancen karatu na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024 aka kuma buɗe shafinsa a watan Mayu, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne. Na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da Kwalejin Hassan Usman, da makarantun tarayya na Daura irin su ake nufi, ban da masu zaman kansu. Ana shiga ta nelf.gov.ng da lambar JAMB, lambar ɗalibi ta makaranta, NIN, BVN da asusun banki mai sunan ɗalibin. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa naira 20,000 a wata kuma ya shiga asusun ɗalibi idan ya nema. Idan shafin ya ce bai gane ka ba, galibi makarantarku ce ba ta ɗora sunanka ba ko ta ɗora da kuskure, can za ka je a duba. Babu kuɗin ruwa a kai, amma bashi ne ba kyauta ba. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Iyaye su zauna da yaro a yi maganar kafin ya danna.

Mai shago ko mai POS da ke son rajistar sunan kasuwanci kuma, ta shafin hukumar rajistar kamfanoni, cac.gov.ng, zai shiga, ya gwada sunan da yake so a ga ko wani bai riga shi ba, ya cike bayanan sana'a da adireshi, ya ɗora hoto da sa hannu, ya biya, ya sauke takardar shaidarsa. Rajistar suna ba ta buƙatar lauya. Abin da ake mantawa shi ne rahoton shekara-shekara, wanda idan aka bari ya taru sai tara ta hau.

Ajiya a hannun gwamnati

A nan ne na ga mutanenmu sun fi ƙarancin labari, alhali ƙofar a buɗe take ga mai naira dubu goma. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, shi ke karɓar kuɗi daga jama'a a madadin gwamnatin tarayya, kuma duk sanarwarsa tana dmo.gov.ng. Hanya biyu ce ta shafi ƙaramin mai ajiya.

Ta farko takardar lamunin tanadi ce da aka fara a Maris 2017. Ana buɗe ta a farkon kowane wata na 'yan kwanaki, mafi ƙaranci naira 5,000, mafi yawa miliyan 50, na shekara biyu ko uku, ana biyan riba duk wata uku. Sai dai ribar nan kuɗin ruwa ce ƙarara, ka ba da bashi an ƙara maka. Na faɗe ta ne don a san da ita, na kuma san yawancin masu karanta wannan ba za su kusance ta ba.

Ta biyu ita ce Sukuk, wadda aka tsara don masu gudun riba. Kuɗin da aka tara ana gina hanyoyi da su, masu kuɗin su zama masu rabo a kadarar, gwamnati ta riƙa biyan su haya duk wata shida, idan wa'adi ya cika ta mayar musu da uwar kuɗin. Majalisar masana da ke ba Babban Banki shawara kan hada-hadar kuɗi ta Musulunci ce ke tantance tsarin. An fara a Satumban 2017 da naira biliyan 100 na shekara bakwai, aka raba kuɗin a kan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida, har da aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Katsina. Wancan na farkon wa'adinsa ya cika a 2024 an kuma biya masu shi. Wanda aka fitar a Mayun 2025 na naira biliyan 300 ne, hayarsa kashi 19.75 cikin 100 a shekara. Wato mai naira 100,000 a ciki yana karɓar 9,875 duk wata shida. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ɗauki takardar bayanin ya kai wa malaminsa, ya fi a yi ta gardama a majalisa ba a karanta ba.

Ga yadda ake shiga. Sukuk ba kullum ake sayar da shi ba, idan an buɗe kuma kwanaki kaɗan ne a rufe, don haka shiri ake yi tun kafin. Ka duba jerin dillalan hannun jari masu rajista a sec.gov.ng, shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ka zaɓi ɗaya, ka buɗe asusu da BVN da NIN da hoto. Da yawansu yanzu ta manhaja ake yi ba sai ka je Kano ba. Za su buɗe maka asusun CSCS, inda ake rubuta abin da ka mallaka da sunanka. Ranar da sanarwa ta fito a shafin DMO, ka sauke fom da takardar bayani, ka duba bankuna da kamfanonin da aka lissafa a matsayin masu karɓa, ka cike, ka biya cikin asusun da aka rubuta a takardar kawai. Mafi ƙaranci naira 10,000, daga nan a ƙara dubu-dubu. Lambar asusun bankin da ka rubuta ita za a riƙa zuba wa haya tsawon shekaru, don haka ka sa wanda ba za ka rufe ba.

Abu biyu nake so a auna. Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Ana iya sayarwa kafin lokaci ta hannun dillali, amma a farashin kasuwar ranar, wanda kan iya gaza abin da ka saya. Kuɗin da za ka nema da damina don taki ko kuɗin makarantar yara ba na nan ba ne. Na biyu, uwar kuɗin da za a mayar maka adadinta ne bai canza ba, abin da za ta saya a kasuwa kuwa tsadar kaya na iya cinye wani ɓangare. Ɗan kasuwar da ke juya kuɗinsa a hatsi ko dabbobi zai iya samun fiye da haka. Sukuk ya fi dacewa da ma'aikaci, da mai fansho, da matar da ke da kuɗin gado a ajiye tana tsoron masu zuwa aro.

Mai tara kuɗin Hajji yana da adashin gata na hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wanda aka ƙaddamar a 2020 tare da bankin Jaiz, daga baya aka ƙara wasu bankunan da ba sa hulɗa da ruwa. Ana zubawa kaɗan-kaɗan da sunanka har su kai kuɗin kujera. Bayanin yana nahcon.gov.ng, kuma Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha za ta nuna maka yadda ake haɗa shi da rajistar shekarar da kake so.

Ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na tarayya ko na kamfani, doka ta ce a cire kashi 8 daga albashinsa, mai aikin ya ƙara 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ka sauke manhajar kamfanin fanshonka ka riƙa dubawa, don wani wurin ana cirewa ba a zubawa, sai an zo ritaya a gano. Tun 2020 kana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara, akwai kuma asusun da ba ruwa a cikinsa, wanda ake kira na shida, sai ka nema a mai da kai. Tela da ɗan acaɓa da mai shayi su ma an buɗe musu nasu tsarin tun 2019. Jerin kamfanonin da aka ba lasisi yana pencom.gov.ng.

Kafin ka zuba kuɗi a kowace manhaja, ka nemi sunanta a shafin Babban Banki ko na SEC. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025 bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Kuɗin da ke banki mai lasisi kuwa hukumar inshorar kuɗin ajiya, NDIC, na tsaya masa: tun Mayun 2024, har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban banki na kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, ta BVN aka nemo sauran asusun masu ajiya aka tura musu.

Akwai kuma kuɗin da ke kwance ba a sani ba. Iyayenmu da yawa, musamman tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa, sun sayi hannun jarin bankuna da kamfanoni wajen 2004 zuwa 2007, takardun suna cikin akwati, ribar kuma tana ta taruwa saboda cek ɗin da ake aikowa ta gidan waya ba ya isowa. A shafin SEC akwai inda ake rubuta suna a ga kamfanonin da mutum ke da ribar da bai karɓa ba, tare da sunan rejistaran kowanne, wato kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jarinsa. Ka gwada rubutun sunan ta kowace fuska, da sunan gari da babu, Mohammed da Muhammad. Idan ya fito, ka sauke fom ɗin rejistaran, ka cike da BVN da lambar asusu, ka kai bankinka a tantance, daga nan ribar za ta riƙa shiga asusu kai tsaye har da ta baya. Idan mai hannun jarin ya rasu, magada za su haɗa da takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, a buɗe asusun banki da sunan gadon, abin da ya fito kuma ya shiga cikin rabo.